Kyaftin Buchanan da Tsuntsayen Fanisau

In mutum ya buɗe manyan littattafan da masana ke rubuta sunayen dabbobi da tsuntsaye a ciki, ko a Ingila, ko a Jamus, ko a Amurka, zai tarar da sunan wani gari wai shi Farniso, kusa da Kano. Bakano zai ce bai taɓa jin wannan gari ba, alhali kuwa ya san shi sarai. Fanisau ce, wadda ke 'yan mil kaɗan arewa da birni, inda Sarkin Kano Ibrahim Dabo ya yi sansani sa'ad da yake fama da Ɗantunku. A bakin Turawa ne sunan ya karkace, aka rubuta shi a karkace, ya zauna hakanan.

Wanda ya shigar da Fanisau cikin littattafan nan shi ne Kyaftin Angus Buchanan, wanda ya sauka can a ƙarshen shekarar 1919 yana tara tsuntsaye da ƙananan dabbobi. Da ya koma gida ya rubuta labarin tafiyarsa, aka buga a London cikin 1921. Sunan littafin da Turanci Out of the World North of Nigeria, watau wai ya fita daga duniya ya faɗa abin da ke arewa da Nijeriya. Nufinmu a nan mu ɗora mutumin da littafinsa bisa ma'auni, mu ga abin da ya gani, da abin da ya kuɓuce wa idonsa, da kuma abin da ya rage a wuyanmu, mu masu ƙasar.

Asalinsa da waɗanda suka aiko shi

An haifi Buchanan a ƙasar Sikotilan, arewa da Ingila, cikin shekarar 1886. Shi ba malamin jami'a ba ne, ilminsa na ƙafa ne da ido. A 1914 ya shiga ƙungurmin dajin arewacin Kanada, ƙasar sanyi da tafkuna, yana tafiya a kwalekwale yana tara tsuntsaye. Yana can aka soma Yaƙin Duniya na Farko, bai ji labari ba sai da aka daɗe ana gwabzawa. Ya komo ya shiga soja, aka kai shi Afirka ta Gabas inda Ingilishi ke yaƙi da Jamusawa, ya sami lambar jaruntaka da muƙamin kyaftin. Ko a bakin daga bai bar halinsa ba, gama akwai wani ɗan kanari na ƙasar Kenya wanda har yau sunan Buchanan yake ɗauke da shi a littattafan masana.

A zamanin nan akwai wani attajiri a Ingila, Lord Rothschild, wanda ya gina gidan ajiyar halittu a wani gari da ake kira Tring, ya cika shi da fatun tsuntsaye daga kowace kusurwa ta duniya. Mai kula masa da gidan wani Bajamushe ne, Ernst Hartert, wanda shi kansa ya taɓa shigowa ƙasar Hausa yana saurayi, cikin 1885 da 1886, tun Turawa ba su ci ƙasar ba. Mutanen nan biyu suna da wata tambaya da ta dame su. Tsuntsayen Turai da na bakin Bahar Rum dangin juna ne, na ƙasashenmu na kudu da hamada kuwa wani dangi ne dabam. To, a ina ne cikin Sahara waɗancan suka tsaya, waɗannan suka soma? Hartert ya riga ya bincika hamadar ta wajen Aljeriya. Saura gefen kudu, musamman duwatsun Asbin, inda matafiya irin su Barth suka ratsa, amma ba wanda ya zauna ya tara tsuntsayen wurin a tsanake. Neman amsar tambayar nan ne ya sa suka aiko Buchanan.

Aikinsa

Ya sauka Ikko a jirgin ruwa, ya hau jirgin ƙasa zuwa Kano, a farkon sarautar Sarki Usman. Kafin ya gama haɗa raƙuma da guzuri sai ya fita bayan birni ya kafa zango a Fanisau, ya soma aiki, ya kuma koya wa waɗansu samarin Hausawa biyu, Sakari da Mona, yadda ake gyaran fata.

Ga yadda irin wannan aiki yake. Akan harbi tsuntsu da harsashi ƙanana kamar ƙwayar gero, don kada gashin ya lalace. Sa'an nan a feɗe shi a hankali, a fid da nama, a shafa wa fatar magani don kada ƙwari su ci, a cusa auduga, a ɗinke. Daga nan sai a ɗaura wata 'yar takarda a ƙafarsa, a rubuta garin da aka same shi, da ranar, da ko namiji ne ko mace, da launin idonsa da bakinsa da ƙafarsa, gama waɗannan sukan dushe bayan mutuwa. Duk wannan kuwa dole a gama shi ran nan, tun zafi bai ɓata naman ba.

Mai karatu zai ce, wane irin so ne wannan, da mutum zai kashe abin da yake so? Tambayar tana kan hanya. Amma a tuna, a zamanin nan ba wata dabarar da za a tabbatar ko kurciyar Kano da ta Masar iri ɗaya ce, sai an shimfiɗa su gefe da gefe an auna fiffike da baki. In kuwa aka sami wata halitta wadda ba a taɓa rubuta ta ba, sai a zaɓi fata guda a ce ita ce uwa, a rubuta garin da aka samo ta. Duk wanda ya yi shakka nan gaba, ita zai koma ya duba. Ta haka Fanisau ta sami shiga. Cikin 1920 waɗansu masana biyu na London, Oldfield Thomas da Martin Hinton, suka duba ɓerayen da Buchanan ya kama can, suka ga akwai waɗanda ba a taɓa rubutawa ba. Wani ɗan mitsitsi suka raɗa masa suna Mus haussa, watau ɓeran Hausa. Wani kuma, ɓeran rairayi mai dogayen ƙafafun baya, suka sa masa sunan Nijeriya.

Da shekarar 1920 ta kama sai ya ɗaura wa raƙuma kaya, ya bi hanyar ayari zuwa Damagaram, ya ratsa Damargu, ya isa Agadas, ya hau duwatsun Bagzan. Ya tarar da garuruwan Asbin da yawa sun zama kufai, gama ba a daɗe da gama yaƙin Kaosan da Faransawa ba, wanda aka yi cikin 1916 da 1917. Ya komo Kano cikin wannan shekara, bayan tafiyar da ta wuce mil 1,000. Hartert ya duba tsuntsayen, ya buga bayaninsu cikin 1921. Suka nuna cewa da yawa daga tsuntsayen Asbin dangin namu ne na kudu, sun cuɗanya da na hamada, watau iyakar da ake nema tana can arewa, ba a bakin daji ba. Wata tsattsewar duwatsu aka sa mata sunan Buchanan, ragon dutsen Asbin kuma aka sa masa sunansa na fari, Angus.

Bai daddara ba. Cikin 1922 ya sake tashi daga Kano, ya bi ayarin gishiri zuwa Fachi da Bilma, kana ya miƙe arewa, bai sauka daga kan raƙumi ba sai a Tugurt ta ƙasar Aljeriya cikin 1923, tafiyar kamar mil 3,500. Sakari yana cikin waɗanda suka ƙetare da shi. An nuna majigin tafiyar a Ingila cikin 1924, littafinsa mai suna Sahara kuma ya fito cikin 1926. Ya rasu a 1954.

Abin yabo

Yabon gwani ya zama dole. Abu na farko da mai karanta littafin zai lura da shi, mutumin yana da haƙuri, kuma ba ya ɓoye wahala. Yakan faɗi ranar da ya fita ya komo hannu wofi, da ranar da ƙishirwa ta kama su, da ranar da raƙumi ya gaza. Matafiya da yawa in sun zo ba da labari sai su mai da kansu zakoki. Shi kuwa ya fi mai da hankali ga abin da ke gabansa, ƙasa da itace da tsuntsu.

Abu na biyu, wanda ya fi na farko nauyi, shi ne 'yar takardar nan ta ƙafar tsuntsu. Daɗin labari yakan gushe, ra'ayin marubuci yakan tsufa, amma in an rubuta cewa ran kaza ga watan kaza, a gari kaza, an ga tsuntsu kaza, wannan magana ba ta ruɓewa. Alal misali, Buchanan ya keɓe babi guda a kan farautar jimina a Damargu. Yau babu jimina a dajin nan, sai 'yan kaɗan da ake kiwo a killace a ƙasar Nijar don kada irin ya ƙare. Da ba a rubuta ba, da yaran yanzu sai su ce tatsuniya ce. Shaidar da ya bari ita ce sandar da ake auna hasarar da aka yi.

Abin zargi

Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Laifin farko yana nan a bangon littafin. Gaskiya ne ba Kano yake nufi da bayan duniya ba, abin da ke arewa da ita yake nufi. Duk da haka, wace hanya ya bi? Hanyar da Abzinawa ke bi kowace shekara su kawo gishirin Bilma, su koma da gero da baƙin turkuɗin Kura. Agadas gari ne mai sarki, mai masallaci mai doguwar hasumiya, kuma ana jin Hausa a kasuwarsa. Fatake sun san kowace rijiya ta hanyar nan da sunanta tun kakannin Buchanan ba su san akwai ta ba. Wurin da mutum bai sani ba, ba shi ne bayan duniya ba. Wanda ya ɗauka cewa duniya ta ƙare inda saninsa ya ƙare, ba zai yi tsammanin samun malami a can ba, don haka ba zai zauna ya ɗauki karatu ba.

Laifi na biyu daga na farko ya tsiro. Zuciyar littafin tana hamada. Ƙasar noma ta arewacin Kano a wurinsa zango ce kurum, inda ake jiran raƙuma. Alhali kuwa a duk tafiyarsa babu wurin da ya fi ta abin mamaki ga mai nazarin tsuntsaye. Ga ƙasa wadda gona ke manne da gona, ana nome ta kowace shekara ba hutu, ana ciyar da ita da takin da jakuna ke kawowa daga birni a mangala. Ba daji, amma ga gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya da kanya tsaye cikin gonaki, kowanne da mai shi. A irin wannan ƙasa tsuntsu ba naman daji ba ne, maƙwabci ne. Balbela tana bin shanu tana cin farar da suka tayar. Hazbiya tana kwana a soraye. Marai yana saƙa sheƙarsa a itacen ƙofar gida. Jan-baki yana sauka a kan gero garke-garke, yara suna bisa rumfa suna jan igiya da gwangwanaye suna ihu. Yadda mutum da tsuntsu suka zauna tare shekaru aru-aru a ƙasar da ba ta da sauran daji, wannan babban karatu ne, amma ba ya shiga akwati, ba a cusa masa auduga.

A duba kuma lokacin da ya sauka. Watan Disamba ne, an gama girbi, hunturu ya shigo. Baƙon da ya zo Fanisau a wannan wata ba zai ga shamuwa ba, gama ta riga ta tafi kudancin Afirka, inda ake damina sa'ad da mu muke rani. Ba zai ga yadda take komowa gab da faɗuwar ruwa ba, ta yi sheƙa a itacen tsakiyar gari ba mai jifarta, manomi ya dube ta ya ce lokacin gyaran gona ya yi. Baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Abin da baƙo ya gani cikin 'yan makonni yanki ne, shekarar tsuntsu kuwa wata goma sha biyu ce.

Sai dai a yi adalci, akwai abin da baƙon ya sani wanda ɗan gari bai sani ba. Cikin hunturun nan akan ga wata 'yar tsuntsuwa mai rawayan ciki, mai yawan kaɗa wutsiya, tana bin tumaki da shanu a fadama. Manomi ya san lokacin zuwanta da na tafiyarta, amma bai san daga Turai take ba, ta ƙetare teku da Sahara da fikafikan da ba su kai tafin hannu ba. Bature ya san inda take ƙyanƙyasa, bai san yadda take cin rani ba. Kowannensu rabin labari ke hannunsa. Hasarar ita ce, rabin Bature an rubuta shi, rabin manomi kuwa an bar shi a ka.

Laifi na uku ya shafi mutane. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Waɗansu ne suka ja raƙuma, waɗansu suka nuna rijiya, waɗansu suka zauna cikin zafi suna feɗe tsuntsun da bai fi babban yatsa ba. Buchanan ya ambaci waɗansunsu, wani lokaci ma da ƙauna, amma sau da yawa yakan yi maganarsu da irin rainin da Turawan zamaninsa suka saba yi wa baƙar fata, kamar dai su yara ne da ba su san abin da ake ciki ba. Da aka zo rabon suna, na Buchanan da na Rothschild da na Hartert ne suka hau kan halittun. Sakari, wanda ya ƙetare Sahara, matsayin bara aka ba shi a labari. Ba mu ce Buchanan ya fi sauran Turawan lokacinsa laifi ba, amma littafin da ya nemi a yaba masa don gaskiyar gani, dole a tuhume shi inda ganinsa ya gaza.

Abin da ya rage a wuyanmu

Ina fatun nan yanzu? Cikin 1932 Rothschild ya shiga matsin kuɗi, ya sayar da fatun tsuntsayensa, kamar 280,000, ga wani babban gidan ajiya na birnin New York a Amurka. Watau Bakanon da ke son ganin abin da aka tara a tafiyar nan, sai ya ƙetare teku.

Bayan Buchanan waɗansu sun zo sun gyara hanya. Wani Bature mai suna R. E. Sharland ya yi shekaru masu yawa a Kano, yana kama tsuntsaye da raga, yana sa musu zobe mai lamba a ƙafa, yana sakinsu da rai. Da irin zoben nan ne ake gane inda tsuntsu ya fito da inda ya nufa. Cikin 1981 shi da Roger Wilkinson na Jami'ar Bayero suka buga jerin tsuntsayen Jihar Kano, wadda a lokacin ta haɗa da Jigawa. Yanzu akwai makarantar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis a ƙarƙashin Jami'ar Jos, inda 'yan ƙasa ke koyon aikin. Daga 1919 zuwa yau hannu ya sauya ƙwarai, gama tun 2015 samari da 'yan mata na Nijeriya ke bin ƙasar yanki-yanki suna rubuta tsuntsayen da suka gani, don a zana taswirar mazauninsu. Ba bindiga a hannunsu, sai tabarau mai jawo nesa da abin rubutu.

Amma aikin ya fi ƙarfinsu su kaɗai, lokaci kuwa ba ya jira. Birni ya miƙe har ya kusa haɗiye Fanisau. Manyan itatuwa suna faɗuwa, ba a dasa madadinsu. Duk wanda ya manyanta ya san dā ba mahautar da za ka je ba ka tarar da ungulu jingim ba. Yau yaro yakan girma a ƙasar Kano bai taɓa ganinta ba, saboda guba, da masu kama ta su sayar wa 'yan tsibbu, da rashin dogayen itatuwan da take sheƙa. Cikin 2015 masana na duniya suka sa ta cikin halittun da ke bakin ƙarewa. Gauraka, wanda ake yi wa kallon tsuntsun Nijeriya, shi ma ya zama sai labari a yawancin ƙasar. Wace shekara ungulu ta bar kasuwar garinku? Kowa zai ce ai an daɗe, amma da wuya a sami wanda ya rubuta.

To, a nan ne maganar ta zo kanku, ku da Allah ya nufa kuka yaƙi jahilci da girmanku. Abin da ya ba aikin Buchanan daraja ba bindigarsa ba ce, ba kuwa kuɗin Rothschild ba, 'yar takardar nan ce mai ɗauke da rana da wuri. Wannan kuwa yanzu tana hannunku, kun ma fi shi da abu biyu, kuna nan rani da damina, kuma kuna jin maganar tsofaffi ba da tafinta ba. A sami ɗan littafi a ajiye. Ran da shamuwa ta fara sauka a rubuta, da itacen da ta sauka, da kwana nawa aka yi kafin ruwan shuka. Ran da jan-baki ya faɗa wa gero a rubuta. A tambayi maharba da makiyaya sunayen tsuntsayen da suka sani, da waɗanda suka daina gani, tun ba su tafi da saninsu kabari ba. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 cike yake da irin waɗannan sunaye, daga bakin Hausawa aka ɗebo su, amma da yawa yau ba kowa ne zai iya nuna maka mai sunan ba.

Hukuncinmu a kan Kyaftin Buchanan shi ne, mutum ne mai ƙwazo da gaskiyar ido, wanda ya cika aikin da aka aiko shi, ya bar shaidar da har yanzu ake amfani da ita. Littafinsa ya cancanci a karanta, amma a karanta shi da sanin cewa labarin mai wucewa ne. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, shi ma na gidansu ya yi, ya amsa tambayar da mutanensa suka yi masa. Tambayoyin manomin Ungogo da Minjibir da Ɗambatta suna nan ba a amsa ba, ba kuwa wanda zai taso daga Sikotilan ya amsa su. Allah ya ba mu ikon rubuta namu.